Tsallen kwaɗo ba horo ba ne



Duk wanda ya bi ta filayen ƙwallo na Lokuwa, Yelwa ko Wuro Gude da la'asar ya san abin da muke nufi. Yara 'yan shekara 12 zuwa 15 suna ta zagaye fili, koci na tsaye da usur a baki. Wanda ya makara, tsallen kwaɗo. Wanda ya ɓarar da ƙwallo, tsallen kwaɗo. Yaro ya dafa gwiwa ya ce tana ciwo, a ce masa rago.

Ba cin mutuncin kociyoyinmu muka zo yi ba. Yawancinsu ko sisi ba a biyansu, daga aljihunsu suke sayen ƙwallo, kuma bayan abin da Mubi ta gani a 2014, duk mai tara yara a fili ya raba su da zaman banza ya cancanci godiya. Sai dai jikin yaro ba na babba ba ne, mu kuwa horon manya muke ɗora masa.

Wajen shekara 13 zuwa 14 yaro namiji ya fi saurin tsawo. Ƙashi na miƙewa da sauri, tsoka da jijiya ba su gama biyo shi ba, wurin da jijiya ta kama ƙashi a ƙasan ƙoƙon gwiwa kuma bai gama ƙwari ba. Kowane tsalle fizgar wurin yake yi. Kumburin nan da iyaye mata ke shafa wa man zafi da dare, sau da yawa daga nan yake. A wannan lokacin ne kuma za ka ga yaron da ya iya ƙwallo bara yana tuntuɓe da ƙafarsa bana, don bai saba da sabon tsawonsa ba. Gudu har ya galabaita ba zai gyara wannan ba.

Masu ƙwallon zari-ruga, wasan da ake gwabza jiki da jiki, sun riga mu gane haka. A nan ba mu yin sa, ko da yake a Kano akwai ƙungiyar Barewa da ke koya wa yara. A 2017 masana a Jami'ar Bath ta Ingila sun fitar da sakamakon gwajin da suka yi a makarantu 40. Abin da suka ba yaran bai wuce atisayen minti 20 kafin wasa ba: tsayuwa da ƙafa ɗaya, koyon dira da gwiwa a lanƙwashe, sauya hanya cikin gudu, ƙarfafa wuya. Ƙungiyoyin da suka riƙa yi sau uku a mako, raunukan da suke samu a wasa sun ragu da kashi 72 cikin ɗari. A New Zealand kuwa, a gasannin yara da dama har nauyi ake aunawa kafin a raba rukuni, don kada ƙato ya murƙushe ƙarami.

Kada wani ya ce wannan na Turawa ne. Ƙwallon ƙafa ma tana da irinsa, FIFA 11+, an kuma gwada shi a kan matasan Legas. Sakamakon da ya fito a 2014 ya nuna raunuka sun ragu da kashi 41 cikin ɗari. Ba ya buƙatar ƙarfe ko wani kayan aiki, bidiyonsa ma na nan kyauta a YouTube.

Ƙarfi da numfashi a hankali suke ginuwa, ana ƙara aiki kaɗan-kaɗan, da ranar hutu a tsakani. Yaron da ya wuni yana tura baro a kasuwa, ya zo fili ciki ba komai a zafin watan Afrilu, ruwa da abinci ya fi buƙata, ba zagaye ashirin ba.

Saboda haka muna roƙon kwamitin wasanni ya kira kociyoyin unguwanni zama ɗaya kafin gasar dogon hutu, a kalli bidiyon tare, a gwada shi a fili. A daina haɗa ɗan shekara 12 da mai gemu don kawai an rubuta shekaru ɗaya a takarda. Iyaye kuma, in yaro ya kwana uku yana ɗingishi, a kai shi asibiti a duba gwiwar kafin ya sake ɗaura takalmi.