Tingo da manoma miliyan 9: Yadda ake amsa wa masu cin riba da faɗuwar kamfani

Duk wanda ya san harkar hatsi daga Dawanau zuwa Bichi da Ɗambatta zai gane wannan ciniki. Mutum ya ari buhu goma na gero da damina, lokacin da hatsi ke tsada, ya sayar. Kaka ta yi, farashi ya karye, ya sayo goma da araha ya mayar wa mai shi, rarar ta zama tasa. In kuma farashi ya tashi, shi ya kwana ciki.

Haka wasu 'yan kasuwa ke yi da hannun jari. Bambancin shi ne ba sa jiran kaka: sukan binciki kamfanin, su wallafa asirinsa, farashi ya faɗi, su kwashi riba.

Abin da ya faru da Tingo ke nan, kamfanin Dozy Mmobuosi da a lokacin ake cinikin hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq ta Amurka, wanda ya ce yana bai wa manoman Najeriya kimanin miliyan 9 hayar wayoyi. Ranar 6 ga Yunin 2023, kamfanin Hindenburg Research ya fitar da rahoto cewa lissafin Tingo na bogi ne. Ya ce ya je inda ake gina katafariyar masana'antar abincin Tingo a Jihar Delta, bai tarar da komai ba sai allon sanarwa da ciyayi.

Tingo ya ƙaryata, ya ce masu rahoton riba suke nema. Gaskiya ne suna neman riba, amma hakan bai amsa tambayar ba. A Disambar 2023 hukumar kula da hannun jari ta Amurka ta shigar da ƙara, ta ce asusun da kamfanin ya yi iƙirarin akwai dala miliyan 461.7 a ciki a ƙarshen 2022, ko dala 50 ba ta cika ba. A 2024 kotu ta umarci Mmobuosi da kamfanoninsa su biya sama da dala miliyan 250.

Wannan ba ya nufin masu irin wannan ciniki waliyyai ne. Andrew Left, wanda ya taso Jumia a gaba a 2019, shi ma hukumomin Amurka sun tuhume shi a 2024 da yaudarar kasuwa. Don haka ba a gaskata rahoto don ya yi zafi, ba a kuma watsar da shi don mai shi na da wata manufa.

Kamfani mai gaskiya aikinsa mai sauƙi ne. Ya amsa zarge-zargen ɗaya bayan ɗaya, ya bar masu binciken kuɗi na waje su karɓi bayanan asusu kai tsaye daga banki, ya buɗe wa 'yan jarida ƙofar masana'anta. Inda aka kama shi da gaskiya, ya amsa da wuri. Kukan "maƙiya ne" da barazanar kotu ba sa cika rumbun da babu hatsi.

Masu hannun jari kuma kada su yi gaggawar sayarwa cikin firgici, kada kuma su zama 'yan amshin shatan shugabanni. Su karanta rahoton da martanin, su duba tambayar da aka tsallake, su nemi a cire hannun wanda ake zargi daga binciken.

Akwai kuma darasi ga manomanmu. Jarin Tingo a idon masu kuɗin waje shi ne yawan manoman da ya ce yana da su. Kafin shugaban ƙungiyar manoma a ƙauye ya miƙa sunaye da lambobin wayar mutanensa ga masu alƙawarin taki ko waya, ya tambayi inda takardar za ta je, da wanda zai karɓi kuɗi da ita.