Karayar ƙwauri a Head Bridge: tiyatar ta sauƙaƙa, jinyar tana nan

Duk wanda ya taɓa sauka a Head Bridge, gindin tsohuwar gadar Neja da aka kammala a Anacha a 1965, ya ga yadda 'yan'uwanmu 'yan Arewa ke neman abinci a wurin. 'Yan dako da masu turin baro da yaran mota suna kutsawa tsakanin tireloli tun asuba. Bambar ƙaramar mota kuwa daidai gwiwar mutum take, don haka karayar kan ƙashin ƙwauri ba baƙuwa ba ce a irin wannan wuri.

Wannan karaya ta bambanta da ta tsakiyar ƙwauri. Kan ƙashin shimfiɗaɗɗe ne kamar faifai, kuma a kansa ƙashin cinya yake zaune. Idan ya tsage ko ya lotsa, ya kuma haɗe a haka, gwiwa za ta karkace, amosanin gaɓa ya biyo baya. Ba na raina masu ɗori, sana'ar gado ce, amma hannu ba ya jin lotsawar da ke cikin gaɓa a ƙarƙashin kumburi. Karan ɗori da aka tamke a kan ƙafar da ke kumbura yana iya tsayar da jini har nama ya ruɓe, a ƙare da yanke ƙafa.

A da, likita kan yi dogon yanka ya ɓare nama daga jikin ƙashi kafin ya sa ƙarfe. Fatar ƙwauri ba ta da kauri, sai ɗinki ya buɗe, ciwo ya yi ruwa. Yanzu akan yi ƙananan yanka biyu ko uku, a zura ƙarfen ta ƙarƙashin tsoka, a ɗaure shi da kusoshi, likita yana kallon ƙashin a allon na'urar hoto mai suna C-arm. Hanyoyin jinin da ke ciyar da ƙashin ba sa lalacewa sosai, rauni yana saurin rufewa. Ba kowace karaya ce ta dace da haka ba. Idan ƙashin ya ragargaje ko kumburi ya yi yawa, akan riƙe ƙafar da ƙarafa daga waje, a jira mako ɗaya ko biyu.

Sai dai ƙaramin tabo yana ruɗin mutane. Fata ta warke cikin mako biyu, amma ƙashi yana bukatar wata biyu zuwa uku ba a taka ƙafar ba, kuma dole a fara lanƙwasa gwiwar da wuri a hannun masu gashin ƙashi, in ba haka ba ta sandare. Ma'aikacin tarayya a Abuja yana da hutun jinya da albashi da inshora. Ɗan dako ranar da bai ɗauki kaya ba, bai ci ba. Ga kuɗin ƙarfe, ga kuɗin hoto, ga na mota zuwa asibiti. Shi ya sa ake jefa shi a bayan motar da ta sauke albasa, a mayar da shi Sakkwato ko Katsina wurin mai ɗori. Rashin kuɗi ne ya yanke masa wannan shawara, ko da za a kira ta jahilci.

Gwamnatin Tarayya ba ta rasa wuraren aiki a yankin ba. Akwai Asibitin Koyarwa na Jami'ar Nnamdi Azikiwe a Nnewi, akwai Asibitin Ƙashi na Ƙasa a Inugu, tafiyar kusan kilomita 100. Akwai kuma dokar inshorar lafiya ta 2022, wadda ta wajabta inshora a kan kowa, ta tanadi asusu na musamman domin masu ƙaramin ƙarfi. Wa ya taɓa zuwa Head Bridge da takardar rajista?

Ku da kuke rubuta kasafi da takardun shawara ga ministoci da 'yan majalisa, gini ya fi ɗaukar ido, mun sani. Amma a saka C-arm a kasafi tare da kuɗin gyaranta da mai sarrafa ta. A bayyana a rubuce cewa inshorar talaka ta ƙunshi ƙarfe da kusoshi da sandunan dogarawa da gashin wata uku. Rajistar kuma a bi da ita ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin 'yan dako na Anacha da Inugu da Fatakwal, domin su ake kira da dare idan mota ta buge wani.