DAGA ZAUREN MATA: Wa za ka faɗa wa in ka ga abu a sama?

Wannan karon na ajiye maganar soyayya gefe, don akwai abin da ke ci mini rai.

Ran nan da daddare an ɗauke wuta, zafi ya kore mu tsakar gida a nan Fagge, sai na hango wasu fitilu sun jeru a sama kamar carbi, suna tafiya shiru, ba ƙara ko kaɗan. Mu da muka tashi kusa da filin jirgin Malam Aminu Kano, ai ba a koya mana jirgi. Na tashi Goggo, ta duba ta ce, "Ke 'yar nan, yi a'uziyya ki shige ɗaki, mutanen ɓoye ne." Da safe na faɗa wa Yaya, ya yi dariya har da riƙe ciki, wai rubutun littafi ya fara taɓa ni. Wallahi dariyar nan ta fi ganin abin yi mini ciwo. Sai da na je Sabon Gari sayen leshi na ji wata mai shago na ba da labarin irin abin da na gani, sannan hankalina ya kwanta.

Na yi ta tunani, ga barikin Bukavu nan kusa da mu, amma wace mace ce za ta ja mayafi ta je ƙofar bariki ta ce ta ga fitila a sama?

To a Amurka an yi haka. Daga 1952 zuwa 1969 sojojin samansu na da ofishi musamman a jihar Ohayo, mai suna Project Blue Book, aikinsa sauraron talakawa. Manomi ne ko matar aure, za a rubuta ranar, da lokacin, da inda abin ya nufa. Rahotanni 12,618 suka taru. Akasari da aka bincika sai a tarar jirgi ne, ko balan-balan ɗin auna yanayi, ko ma Zara matar wata. Amma 701 har aka rufe ofishin ba a gano mene ne ba. Ba wai tausayin jama'a ya sa su ba fa, tsoron makaman Rasha ne. Duk da haka an saurari mutum.

Mu ma muna da namu. Ranar 3 ga Oktoba 1962, wani manomi a Zagami ta ƙasar Katsina yana cikin gonarsa ya ji ƙara, sai ga dutse ya faɗo dab da shi, kilo 18. Daga baya masana suka tabbatar daga duniyar Mas ya fito. Da a gidanmu yake, Yaya zai ce rana ce ta buge shi.

Nawa kuwa, ɗan maƙwabtanmu mai karatu a jami'a ya warware mini. Taurarin ɗan'adam ne na kamfanin Starlink, waɗanda ake harbawa da yawa lokaci guda tun 2019, sai su taho a jere kafin su watsu. Na kai wa Yaya bayanin har ɗaki, ya ce ai shi dama ya sani. Goggo kuwa har yau ba ta yarda mu kwana a waje.

Sai mun haɗu a fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.