Filin Kimiyya Da Fasaha: Zuriyar 8086, Gadon Da Ya Gagari Masu Shi

Duk wanda ya taɓa shiga ofishin gwamnati, ko banki, ko ɗakin rubuta jarrabawa na zamani, ya ga kwamfutoci jere bisa tebura. Galibin waɗannan na'urori kuwa suna aiki ne da harshen wata 'yar ƙaramar ƙwaƙwalwa mai lamba 8086, wadda kamfanin Intel na ƙasar Amurka ya fitar a cikin shekarar 1978. Ita da 'ya'yanta da jikokinta ake kira zuriyar x86. Abin mamaki a nan shi ne, masu ƙera ta ba su yi ta don ta daɗe ba, sun yi ta ne kurum don toshe kafa kafin wani babban aikinsu ya kammala.

Ita ƙwaƙwalwar kwamfuta wani ɗan falle ne na silikon wanda bai wuce faɗin farce ba, an zana masa dubban ƙananan makunnai da ake kira taransisto. Kowane makunni, ko dai yana kunne ko yana kashe, watau 1 ko 0, kuma wannan shi ake kira bit. Bit 8 su ne bait ɗaya, wanda ya isa ya ɗauki harafi guda. Aikin ƙwaƙwalwar kuwa shi ne ta ɗauko umurni daga rumbun ajiya, ta fassara shi, ta zartar, sa'an nan ta ɗauko na gaba, sau miliyoyi a cikin daƙiƙa ɗaya.

Intel ya fara da 4004 a shekarar 1971, mai taransisto 2,300, wadda aka yi domin injin lissafi na kamfanin Busicom na Japan. Daga nan sai 8008 a 1972, da 8080 a 1974, masu aiki da bit 8 a lokaci guda. A 1975 kamfanin ya ɗaura ɗamarar ƙera wata ƙasaitacciyar ƙwaƙwalwa, wadda daga baya aka sa wa suna iAPX 432, yana ganin ita ce za ta gaji kowa. Amma aiki ya yi ta jan ƙafa, ga shi kuma abokan hamayya kamar Zilog, mai Z80, sun fara cinye kasuwa. Saboda haka a 1976 aka ba wani injiniya, Stephen Morse, aikin tsara wata ƙwaƙwalwa mai bit 16 cikin gaggawa, da sharaɗin cewa manhajojin da aka rubuta wa 8080 za a iya juyar da su zuwa gare ta ba tare da wahala ba.

Abin da ya fito shi ne 8086, mai taransisto 29,000 da ƙafafu 40. An raba cikinta gida biyu. Sashe ɗaya yana zirga-zirga tsakaninta da rumbun ajiya, yana ɗauko umurni tun kafin a buƙace su, yana jera har bait 6 a layi. Ɗaya sashen kuma yana zartarwa. Kamar dai magini ne da ɗan aikinsa mai miƙo tubali: muddin tubali na nan a hannu, gini ba ya tsayawa. Har ila yau tana da wasu ƙananan aljihuna, waɗanda ake kira rijista, inda take ajiye lambobin da take aiki a kansu. Huɗu daga cikinsu su ne AX da BX da CX da DX, kuma kowanne ana iya raba shi biyu ya koma bit 8, domin ya dace da al'adar 8080.

Inda gizo yake saƙa shi ne wajen adireshi. Kowane bait a cikin rumbu yana da lambarsa, kamar lambar gida. Aljihu mai bit 16 ba ya iya ƙirga fiye da gidaje 65,536, alhali kuwa ana son 8086 ta kai ga gidaje 1,048,576. Sai aka yi dabara: aka raba adireshi kashi biyu, lambar unguwa da lambar gida. Ƙwaƙwalwar takan ninka lambar unguwa sau 16, ta haɗa da lambar gida, sai ainihin adireshi ya fito. Dabarar ta biya buƙata, amma ta ɗora wa marubuta manhaja wahalar shekaru, domin duk aikin da ya wuce bait 65,536 tilas a yanyanka shi unguwa-unguwa. Kamfanin Motorola, da ya fitar da tasa mai lamba 68000 a 1979, bai bi wannan hanya ba. Tasa tana kaiwa ga gidaje fiye da miliyan 16 kai tsaye, kuma masana da dama sun fi yaba tsarinta.

To, me ya sa ta Intel ta yi rinjaye? Amsar tana wurin kamfanin IBM. A 1979 Intel ya fitar da 8088, ƙanwar 8086, wadda cikinta bit 16 ne amma ƙofarta ta waje bit 8, don haka ana iya haɗa ta da kayayyaki masu araha waɗanda suke cike da kasuwa. Ita IBM ya zaɓa wa kwamfutarsa ta tebur da ya fitar ran 12 ga Agusta, 1981. Bugu da ƙari, ya nemi a sami wani kamfani na biyu mai ƙera irinta don gudun yankewa, dalilin da ya sa Intel ya ba kamfanin AMD izini. Kafin a ce kwabo, wasu kamfanoni sun shiga kwaikwayon kwamfutar IBM, manhajoji sun yi yawa, 'yan kasuwa da gwamnatoci sun zuba dukiya a kansu. Ita kuwa iAPX 432 da aka ɗora wa buri, ta fito a 1981 ba ta da sauri, ta mutu ba ta bar baya ba.

Tun daga nan wata doka ta kafu: kowace sabuwar ƙwaƙwalwa dole ta iya aikin tsohuwa, har da kurakuranta. Ga misali. A 8086, idan lissafin adireshi ya zarce gida na ƙarshe, sai ya zagayo ya koma farko, kuma wasu manhajoji suka dogara da wannan zagaye. Da 80286 ta fito a 1982, mai taransisto 134,000 da rumbu mafi faɗi, ba ta zagayowa. Sai da IBM ya sa wata ƙofa a kan layin adireshi mai suna A20 a kwamfutarsa ta 1984, ya damƙa makullinta ga na'urar da ke kula da allon maɓallai, domin kawai sabuwa ta riƙa yin kuskuren tsohuwa. Wannan ƙofa ta shekara fiye da 20 ana gadonta.

Zuriya ta ci gaba da yaɗuwa. A 1985 aka sami 80386, mai bit 32 da taransisto 275,000, wadda ta sauke wa marubuta nauyin unguwanni. Sai 80486 a 1989, mai fiye da miliyan 1, da Pentium a 1993, mai miliyan 3.1. A 1995 kuma Pentium Pro ta zo da wata hikima: tana karɓar umurni cikin tsohon harshe, ta farfasa su zuwa ƙanana a cikinta, ta zartar da su da sabon tsari. Watau an rushe ɗakunan cikin gida an sake gini, amma zauren yana nan yadda baƙi suka saba shiga.

Shi kansa Intel ya sake gwada tserewa daga wannan gado. Tare da Hewlett-Packard ya fitar da Itanium a 2001, mai bit 64 da sabon harshe, amma tsofaffin manhajoji suka riƙa tafiyar hawainiya a kanta, masu saye suka juya baya. AMD kuwa sai ya faɗaɗa tsohon harshen zuwa bit 64 a 2003, har ya zama tilas Intel ya bi sahunsa a 2004. An daina fitar da Itanium a 2021. Hausawa sun ce da tsohuwar zuma ake magani.

Amma fa gado yana da nauyi. Fassarar tsohon harshe tana cin wuri da wutar lantarki, kuma wannan na cikin dalilan da suka sa wayoyin hannu, waɗanda ba su da tsofaffin manhajojin da za su kare, suka rungumi tsarin ARM na Ingila. Kamfanin Apple ma, wanda ya koma ga Intel a 2006, ya fara barinsa a 2020. Duk da haka x86 tana riƙe da mafi yawan kwamfutocin ofis, domin mai saye bai cika damuwa da kyan zanen ƙwaƙwalwa ba, damuwarsa ita ce kada aikinsa na jiya ya lalace gobe. Har yau, idan mai karatu ya danna maɓallin kunna irin wannan kwamfuta, ƙwaƙwalwarta mai biliyoyin taransisto takan farka ne da halin 8086 ta 1978, kafin ta shiga aikinta na zamani.