Kalmar wanga wata: ƙara, kara da hayaniya



Wanga wata, wani ɗalibinmu da ya yi cirani a Kumasi, ƙasar Gana, ya kawo muna kalmar Ingilishi. Muna cikin karatu, yara na wasa bakin zaure, sai ya ce: "Malam, noyis ya yi yawa!" Kowa ya yi dariya. Ya ce can, in inji na aiki, noyis ne. In kasuwa ta cika, noyis ne. Har shuuu ɗin da rediyo ke yi in tasha ta ɓace, noyis ne. Kalma guda ta ɗauke kaya duka.

Mu a Hausa mun raba. Ganga amo gare ta. Hadari cida yake yi. Kasuwar Filinge ran Lahadi, hayaniya ce. Magana marar kai, surutu. Injin niƙa kuwa ƙara gare shi.

To, bisa ƙara nike son mu tsaya, don ma'ana biyu gare ta. Akwai ƙarar inji, akwai ƙarar da ake kaiwa wurin maigari. Ku lura da lanƙwasar da ke kan ƙ. Da yawa cikinku na mance ta bisa allo. Wanda ya rubuta "na kai kara wurin maigari", me ya kai? Karan hatsi!

Ba wasa nike yi ba. In kaka ta yi, bisashe na gangarowa daga arewa, suna bin Dallol Boso, su ratsa ƙasar Kurfai. Shanu su faɗa gona tun ba a ɗauke damma ba. Mai gona ya yi kuwwa, mutane su taru, hayaniya ta tashi, sai sanda, sai takobi. Can Toda, jihar Maradi, a 1991, rigimar manoma da makiyaya ta ci rai fiye da 100, mafi yawa mata da yara.

Hayaniya ba ta biyan ɓarna. Ƙara ke biya. Dokar karkara ta 1993, wadda ake kira Kod Rural, ta ba sarakunan gargajiya ikon sasanta irin wagga rigima. Abin da aka shirya, a rubuta shi a takarda, kowa ya sa hannu. In ba a shirya ba, sannan a tafi gaban alƙali.

Kafin ka tafi, ɗauki alƙalami. Rubuta rana, da wuri, da abin da aka ɓata, da sunan waɗanda suka gani. Makiyayi, kai ma haka: in an nome burtali, ko an toshe maka hanyar rijiya, kana da ƙara.

Aikin gida: kowa ya rubuto kara da ƙara sau biyar-biyar. Sai wata mai zuwa, in Allah ya kai mu.