Sikirin mai talewa kamar danƙo: kar ka yi saurin sayar da wayarka

Idan kana yawan leƙa TikTok, da wuya ba ka ci karo da bidiyon nan ba: ana jan sikirin kamar danƙo, hoto kuma bai ɗauke ba. Ba siddabaru ba ne. A watan Nuwamban 2024 kamfanin LG Display na Koriya ta Kudu ya nuna sikirin mai inci 12 da ke talewa har inci 18. Amma dakata tukuna, Malam.

Naɗewa daban, talewa daban. Galaxy Fold da Tecno Phantom V Fold lanƙwasawa kawai suke yi, a wuri ɗaya. Shi ma na LG ɗin dabara ce: ƙananan fitilu masu tauri aka jera a kan shimfiɗa mai laushi, aka haɗa su da siraran wayoyin lantarki masu siffar sifirin. Tazarar da ke tsakaninsu ce ke buɗewa, fitilun suna nan yadda suke.

Abin da masana ke nema ya wuce haka. So suke abin da ke ba da hasken da kansa ya zama roba. Ka san roba da ita ake naɗe wayar wuta don kar ta ja ka, ko? To a 1977 aka gano akwai robar da wuta ke bi ta cikinta, aikin da ya ba Heeger da MacDiarmid da Shirakawa kyautar Nobel a 2000. A 1990 kuma masu bincike a Jami'ar Cambridge ta Ingila suka sa irin wannan roba ta yi haske. Matsalar ita ce, kafin wuta ta ratsa sosai sai zaruruwan cikinta sun jeru sun matse, matsewar nan kuwa ita ke sa ta tsage idan an ja. Ka sassauta su, haske ya dushe.

A 2022 tawagar Farfesa Zhenan Bao a Jami'ar Stanford ta Amurka ta gauraya wata roba mai haske, SuperYellow, da wata mai laushi. Mai hasken ta koma siraran zaruruwa kamar raga a cikin mai laushin, har aka ja ta ninki biyu tana ci gaba da haske. Wannan kam aiki ne.

Sai dai ga inda gizo ke saƙar. Laima da iska suna kashe irin waɗannan sinadarai, kuma rufin da ya fi kare su dangin gilashi ne, ana ja ya tsage. Ka ƙara da gumi da ƙurar hunturu. Ko Galaxy Fold, mai lanƙwasawa kawai, sai da Samsung ya ɗage fitar da ita a 2019 bayan ta lalace a hannun 'yan jaridar da aka ba su gwaji.

A ganina, ba a waya za ka fara ganin wannan fasaha ba, tunda batir da kyamara ba sa talewa. Ta fi kusa da zama ɗan filasta da za a manna a fata ya nuna bugun zuciya.

Ranar da ta iso waya kuwa, tambayar da za ka yi ita ce ta gyara. Yau ma canza sikirin ɗin waya mai naɗewa kan ci kuɗin wata sabuwar wayar. Idan mai talewa ya huje, wa zai taɓa maka shi a Farm Centre, kuma nawa?