Zare: Bindigar toka, libarba da AK-47, wacce ta fi tsada?

1/ Jama'a, duk ranar da aka kai hari a yankinmu na Tsibiri, ko Bakura, ko ƙauyukan Mafara, magana ɗaya ke cika kafar nan: "A haɗa kuɗi a sayo ta zamani, ta gargajiya ta gama yayi." Ni dai ina ganin lissafin nan da gyara. Zaren da ɗan tsawo, ku yi haƙuri ku bi ni a hankali.

2/ Mu fara da tsohuwar. Bindigar toka, wasu su ce baushe, wasu harba-ka-ruga. Sunan ƙarshen nan ya gama bayani. Ka ɗura albarushi ta baki, ka danna, ka harba sau ɗaya. Kafin ka gama ɗuri na biyu, in barewa ce ta sha ruwa a Bakolori ta wuce.

3/ Fataken Turawa ne suka fara kawo irinta bakin tekun Afirka ta Yamma ɗaruruwan shekaru da suka wuce, maƙera suka kwaikwaya har ta zama tamu. Shi ya sa muke da sarautar Sarkin Bindiga, shi ya sa har gobe ake jin ƙararta a hawan sallah.

4/ Kirkinta a fili yake. Tana da araha. In ta lalace maƙerin garinku ne zai gyara. Kuma ta ciyar da gidaje da yawa a hannun maharba. Aibinta ma a fili yake: ruwa ya taɓa albarushi, ta zama sanda. Wani lokaci ta ƙi tashi, wani lokaci ta fashe a hannun mai ita. Araha ba ta ado.

5/ Ku lura da wannan. Damina ce lokacin da manomi ya fi buƙatar kariya, ciyawa ta yi tsawo, gero ya rufe hanya. Kuma damina ce lokacin da bindigar toka ta fi cin amana. Don haka duk mai ce muku ta dā ta fi inganci wajen faɗa, labari kawai yake ba ku.

6/ Tarihi ma ya raba wannan gardama tun tuni. Ranar 15 ga Maris 1903 a Sakkwato, dakarun daula sun fi yawa nesa ba kusa ba, ga dawakai, ga masu, ga 'yan bindigogin ɗuri. Sojojin Lugga suka zo da bindiga mai ruwan harsashi ƙirar Maxim. Ba a kai azahar ba aka gama.

7/ To sai ƙaramar bindiga, wadda iyayenmu ke kira libarba, samari kuma ke sa hotonta a sitatus. A nan ne ma gardamar tsohuwa da sabuwa ta fi daɗin baki. Browning Hi-Power ta fito a Beljiyam a 1935, ƙarfe zalla, harsashi 13. An shafe sama da shekara 80 ana ƙera ta.

8/ Glock 17 kuwa ta fito daga Ostiriya a farkon shekarun 1980, jikinta roba ce mai ƙarfi, harsashi 17. Ta fi sauƙin ɗauka, ta fi sauƙin ƙerawa. Masu son tsohuwa su ce nauyin ƙarfe da aikin hannu. Masu son sabuwa su ce rashin tsatsa da rashin wahala. Kowa da hujjarsa.

9/ Amma mu nan wannan gardama me za ta tsinana mana? Ƙaramar bindiga, tsohuwa ko sabuwa, aikinta na kusa ne, kamar mita 50. AK-47 tana cin mutum daga mita 300. Wanda ya zo a kan babur su uku-uku ba zai tsaya ka matso ba. Libarba ba ta tsare gari.

10/ Abin da ta iya shi ne ɓuya a ƙugu. Wato fashi, bangar siyasa, da rigimar da dā mari biyu ke kashe ta. Ka ba saurayi mai zafin kai ita, ka ga yadda faɗan budurwa ko na iyakar gona zai koma zaman makoki.

11/ Ga kuma doka, wadda masu zuga ba sa faɗa muku. Dokar makamai ta 1959 ta kasa bindigogi gida uku. Ta ɗuri, kwamishinan 'yan sanda ke ba da lasisi. Ta farauta mai kwanso, Sufeto Janar. Libarba da bindigar soja kuwa suna sahun haramtattu, sai da izinin shugaban ƙasa. Hukuncin riƙe su ba izini ɗauri ne da bai gaza shekara 10 ba.

12/ Kun tuna Yunin 2022, da gwamnatin Matawalle ta ce jama'a su nemi lasisi su mallaki bindiga? Ba a ɗau kwanaki ba Janar Lucky Irabor, babban hafsan tsaro na lokacin, ya ce gwamna ba shi da wannan hurumi. Maganar ta mutu a nan, talaka ya rage da tsohuwarsa a rataye.

13/ Yanzu kuɗi. In kana son sanin darajar AK-47 a Zamfara, tuna 2020, lokacin da gwamnati ta yi tayin shanu biyu ga duk wanda ya miƙa guda ɗaya. Shanu biyu! Manomi nawa ne a Tsibiri ke da shanun huɗa biyu da zai iya rabuwa da su ya kwana lafiya?

14/ Kuma kuɗin saye somin taɓi ne. Bindigar zamani kamar injin ban ruwa take, in ba mai, ƙarfe ne kawai. Gidan harsashinta 30 yake ci, kuma a hannun wanda bai iya ba daƙiƙu kaɗan ya ƙare. Maƙeri ba ya ƙera harsashinta. Sai an sayo, yau da gobe da jibi.

15/ A wurin wa za a sayo? A wurin masu fasa-ƙwaurin da ke kai wa daji. Tun rushewar Libiya a 2011 hanyar ta ƙara buɗewa ta Sahara zuwa iyakarmu da Nijar. Dillali ɗaya, kwastoma biyu. Kuɗin taron garinku zai ƙara masa jari, ya ƙara wa wancan kaya. Shi kullum riba, mu kullum jana'iza.

16/ Kuma shi ɗan daji kuɗin fansa da harajin noma ke biya masa harsashi. Kai buhun geronka ne. Ka gaya min wa zai fara gajiya a wannan tsere.

17/ Na san amsar da za a ba ni: "Malam, kai kana rubutu, mu ana kashe mu." Gaskiya ne, kuma mai ɗaki shi ya san inda ke masa yoyo. An kwashe 'yan mata 279 a Jangebe a Fabrairun 2021, an shiga kwalejin noma ta Bakura a Agusta, an kwashi ɗalibai a Kaya a Satumba. Ba wanda zai ce wa mutanen nan su naɗe hannu.

18/ Abin da nake cewa shi ne, ingancin da tsohuwar bindiga ke da shi wanda muka manta, yana wajen tsarin da ke kewaye da ita. An san maƙerin da ya ƙera. An san maharbin da ya rataya. Yana da sarkin maharba a kansa, yana da mai gari. In ya yi ɓarna, an san ƙofar gidan ubansa.

19/ Da wannan tsari ya kwance, mun ga abin da ya biyo baya. Kisan mutane a kasuwa kan zargi ba shari'a, sai ramuwar gayya ta faɗa kan garin da bai ji ba bai gani ba. Duk ɗan Zamfara da ya kai shekara 25 ya san yadda wutar nan ta ruru.

20/ Akwai wani farashin kuma. A Janairun 2025 a Tungar Kara, jirgin yaƙi ya yi kuskure ya hallaka masu kare gari da suka fito bin sawun ɓarayi. Allah Ya jiƙansu. Daga sama, mai bindiga ba shaida da ɓarawo kamarsu ɗaya.

21/ Don haka in za mu yi ihu, mu yi shi inda zai yi amfani. An ƙaddamar da Askarawan Zamfara a Gusau ranar 31 ga Janairun 2024, sama da mutum 2,600. Mu riƙa tambaya: ana biyansu a kan kari? Kowace bindiga da lambarta da sunan mai riƙe da ita? Ana ƙirga harsashi? Suna da hanyar magana da soja kai tsaye? In ɗayansu ya yi zalunci, wa ke hukunta shi?

22/ Mu matsa a toshe hanyar harsashi, a kai dillalai da infoma kotu a bainar jama'a, mu ji hukunci. Mu matsa a gyara hanyoyin ƙauyuka da sabis ɗin waya, don kiran gaggawa ya isa, agaji ma ya iso kafin a gama ɓarna.

23/ Ku kuma 'yan uwana matasa, don Allah ku bar bin 'yan daji a TikTok kuna yaba ƙarfen da ke kafaɗarsu. Wannan ƙarfen shanun wani ne, gonar wani ce, kuɗin fansar ƙanwar wani ne.

24/ Ta toka tana cin kuɗi kaɗan, ta ba da kariya kaɗan. Ta zamani in ta shigo ta bayan gida, tana ci har bayan ran wanda ya saya, don yaƙi na ƙarewa ita ba ta ruɓewa, hannu kawai take sauyawa. Mai ganin akasin haka ya zo da hujja a ƙasa, ban da zagi. Allah Ya kawo mana ƙarshen wannan masifa, Ya ba mu damina lafiya.